Saran Fari a Maƙabartar Tudu

Ku 'ya'yana, kun sha tambayata game da gurbin nan da ke maƙabartar tudu, tsakanin kabarin kakanku da na Baffanku Sule, wanda na kewaye da duwatsu na hana kowa taɓawa. Na san abin da ake faɗa a hillarmu, wato ƙauyenmu. Ana cewa Haruna Mai-babur ya kama wa kansa wuri tun da ransa, kamar mai kama kujerar gaba a motar Sinnar. Na ji, na yi shiru, kuma kun san shiru ba halina ba ne. Yanzu da yaƙin nan ya watsa ku, wani a Gadarif, wani a Bur Sudan, wata ma ba na jin muryarta sai ran da waya ta ga damar shiga, na ga gara in rubuta tun idona yana ganin layi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gurbin nan ba nawa ba ne, kuma ga yadda aka yi.

Kakanninmu sun zo ƙasar nan da ƙafa daga ƙasar Sakkwato, da niyyar Makka, sai Allah ya tsayar da su a bakin wannan kogi kusa da Suki. Wannan kun haddace, don babu taron suna ko na aure da ba a maimaita shi. Abin da ba a maimaitawa shi ne wa ya ɗauko tukwane. Ba duk wanda ya yi tafiyar nan ne ya yi hijira ba. Akwai waɗanda aka sako a gaba da kaya a ka, ba a tambaye su ko suna son ganin Makka ba. Cikinsu akwai wata yarinya da kakana ya saya a hanya, ya canja mata suna. Ba wanda ya san garinsu, ita ma daga baya ta manta. Ita ce ta haifi Inna Dangana. Kafin kakana ya rasu ya tara shaidu ya 'yanta su duka, kuma mun daɗe muna tinƙaho da wannan. Amma da aka zo rabon fili, masu hijira suka hau tudu, aka nuna wa 'yantattu gangare, bakin ruwa. Haka gidaje, haka maƙabarta. Ban taɓa jin an ce wa mutum bawa a gaban idonsa ba. Mutanen gangare ake cewa, kuma kowa ya gane.

Mahaifiyata ta rasu ban cika kwana arba'in ba. A lokacin Inna Dangana tana goyon Bilalu, wanda ya girme ni da wata biyu. Mahaifina ne ya raɗa masa wannan suna, kuma shi ma kowa ya san dalili. Aka naɗe ni a zane aka gangara da ni gidanta. Na sha nononta har aka yaye mu tare, na kuma ƙi komawa tudu sai da na shekara bakwai, shi ma sai da bulala ta yi magana. Har yau in na rufe ido ina jin ƙamshin zanenta, hayaƙin itace da daddawa. Maƙwabta sun koma yin kisra irin ta Larabawa, ita kuwa ta ce abincin da ake hango rana ta cikinsa ba abinci ba ne, tuwon dawa take tuƙawa da miyar kuɓewa, ta zuba mana a akushi ɗaya. In na yi wa Bilalu ƙwace, da yake ni ne mai fitina tun ina ƙarami, sai ta dungure mini kai.

"Kai ɗan aro ne, Haruna," takan ce, "amma nono bai san aro ba. Ci naka, bar mishi nashi."

A gidan tudu akwai shanu, akwai malamai, akwai girma. Amma in na ce gida a zuciyata, rumfar nan nake gani mai kallon kogi, da Inna tana gyaran kifi, tana ƙorafin cewa mun cika surutu. Ta rasu shekara talatin kafin abin da zan ba ku labari. Ni na ɗauki gaban makara. Muka gangara da ita maƙabartar gangare, na yi kuka kamar yaro, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai in tambaya don me aka yi ƙasa da ita ba a yi sama ba. Ban ma ga abin tambaya ba.

Kun san al'adar hillarmu, amma bari in rubuta ta saboda jikoki da Larabci ya fi kama bakinsu. Kowane gida yana da sahunsa a maƙabarta. Ba a buɗe kabari a sahun wani gida sai namiji daga cikin gidan ya ɗauki diga ya yi bisimilla ya sari ƙasa sau ɗaya. Shi ake kira saran fari. Daga nan kowa zai iya karɓa ya ci gaba da haƙa. Ba sai babban gida ba, kowane namiji baligi na gidan ya isa. Ba a littafi take ba, liman ma ya sha faɗa, amma ban taɓa ganin wanda ya tsallake ta ba.

Ni kuwa aikina babur ne, injin da ke jan ruwa daga kogi zuwa lambunan bakin gaɓa, inda muke albasa da tumatir da kuɓewa. Shekara arba'in ina bin bakin kogin nan, na san shi fiye da yadda na san wasu daga cikinku. Baƙo yana tsoron kogi lokacin da yake cikowa. Mai babur yana tsoronsa lokacin da yake ja da baya. Ruwa ne ke tallafe da gaɓa. In ya janye ya bar ƙasa jiƙe sharkaf, nauyinta ya fi ƙarfinta, sai ta tsage ta zube, wani lokaci da bishiya a kai. Haddam muke ce masa. Muna yara kamu ɗaya ko biyu yake ci a shekara. Da muka tsufa sai ya koma cin gona sukutum. Damina ta rikice, ta ƙi zuwa a lokacinta, in ta zo kuma ta zo da hauka.

A shekarar babbar ambaliya, shekara uku kafin yaƙi, kogi ya hau inda ko tsofaffinmu ba su taɓa ji ba. Ya shanye lambuna, ya rushe gidajen gangare kusan duka, ya tsaya taku kaɗan daga maƙabartarsu. Tudu ko ƙafa bai jiƙa ba. A kwanakin nan ne 'yar'uwarku Safiya ta zo daga Madani inda take koyarwa, ta same ni ina zagin sama da ƙasa. Ta zaunar da ni ta ce:

"Ya Baba, wannan ba ƙaddara kawai ba ce. Hayaƙin masana'antun manyan ƙasashe ne ya ɓata damina. Su sunka ci riba, mu muke nutsewa. Duniya kullaha maganar ta'awid take yi yanzu, diyya ke nan. Har jikokin waɗanda anka kwashe a jirgin ruwa anka sayar, suna cewa a biya su haƙƙin kakanninsu."

Maganar nan ta shige ni kamar wuta a busasshen kara. Dama ina da tsohon miki. Iyayenmu ne suka haƙa tur'a, magudanan ruwan Jazira, su suka tsinci audugar da Turawa suka kwashe, amma har gobe in ka shiga ofis sai an dube ka sama da ƙasa an ce Takari, an tambaye ka yaushe ka zo ƙasar. Sai ga labari ya zo cewa ana rubuta sunayen waɗanda ambaliya ta ɓata wa dukiya a Sinja. Hilla ta ce za a tura lajna, wato kwamiti, mutum biyar. Ni kuwa na ƙudurta ni zan shugabance ta, don na yarda babu mai bakin da ya kai nawa. Dattawan tudu ne ke zaɓa, kuma babban cikinsu Yaya Sule ne, wana.

Ana cikin haka Bilalu ya zo da hantsi. Ya yi sallama a ƙofar rumfa, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa ko da yake ga angarib, gadon igiya, babu kowa a kai. Haka yake yi in akwai idon mutane, kuma Alhaji yake ce mini. Sai in mu biyu ne yake ce mini Haruna.

"Haruna, liman ya ce shari'a ta yarda a ɗauke mamaci in ruwa zai ci shi. Mutanenmu sun fara. Bayan tur'a munka samu wuri, wajen da aka ɗaure jakai. Jibi nake son in ɗauke Inna. Na ce ba ya yiwuwa in taɓa ta ban gaya ma ba, kai ma ɗanta ne."

Ku da kuka san ni kun san abin da ya biyo baya. Na miƙe tsaye, jijiyar wuya ta tashi. Kaina cike yake da maganar Safiya, ina jin kaina kamar wanda aka aiko ya gyara duniya.

"Bayan tur'a? Wajen jakai? Matar da ta shayar da ni? Wallahi ba ta kwantawa can! Sahunmu za ta, kusa da Baba. Ni zan yi saran fari da hannuna."

Bilalu ya daɗe yana kallona. Ba mai yawan magana ba ne, duk surutun gidan Inna ni na kwashe.

"Ka yi shawara da Alhaji Sule?"

"Sule ne ya sha nonon ko ni?"

Ya sunkuyar da kai, na ga yana goge ido da gefen rawani. Ya ce shi bai taɓa sa wannan a ransa ba, amma tun da na faɗa, Allah ya yi mini albarka. Ranar ya tafi Suki ya sayo farin yadi, sabon likkafani na tattara ƙasusuwa. Ya gaya wa mutanen gangare cewa su ci gaba da nasu, Inna tudu za ta hau. Na ji an ce har guɗa wata tsohuwa ta yi.

Da la'asar na sami Yaya Sule a gindin gawon da ke ƙofar maƙabartar tudu, inda dattawa ke shan jabana, gahawar ƙasar nan. Na ja shi gefe na gaya masa. Bai ɗaga murya ba, shi ba irina ba ne. Ya kurɓi kofinsa ya ce:

"Inna Dangana mutuniyar kirki ce, Allah shi jiƙanta. Amma mi kaka so mutane su ce? Yau ita, gobe duk gangare ya hau. Waɗanga da ke kwance nan, tare sunka bar gida don addini. Haka munka tarar, haka za mu bari. Kai da ke son a ba ka lajna, ka tsaya ka yi tunani."

Bai ce zai hana ni ba, don ba shi da ikon hanawa. Diga ɗaya ce da hannu ɗaya. Amma na ji abin da ya faɗa a ƙarshe, kuma a nan ne na faɗi. Na ce a raina, bari a naɗa ni tukuna, in je Sinja in dawo da nasara, sannan in ga mai bakin da zai tanka mini. Na kira wannan dabara. Yau na san sunansa tsoro, da son a ce ni ne.

Aka naɗa ni. Ana gobe za mu tafi, na leƙa kogi na ga alamar laka a jikin gaɓa. Ruwa ya fara ja da baya. Ban yi wata-wata ba na aika a kira mini Bilalu ya zo da karonsa, keken jaki, mu ɗauke babur daga bakin gaɓa. Mu biyu muka yi aikin, tsofaffi biyu, muna nishi. Da diga muka ɓamɓare gindinsa daga laka. Ina aiki ina karanta masa jawabin da zan yi a ofis, yadda aka ci zalin baƙar fata tun zamanin jiragen ruwa, yadda za a biya kowa haƙƙinsa. Yana saurare.

"Allah shi ba su haƙƙinsu," ya ce. "Kama can, ƙasan nan ta fara tsagewa."

Na duba. Tsaga ce siririya, ta bi gefen gaɓa ta nufi wajen maƙabarta. Na gan ta da idona.

Muka ɗora babur a karo, muka jefa digar a kai, muka hau tudu. Hanya ta ƙofar maƙabartar tudu take bi. Da muka zo daidai gawon, Bilalu ya ja linzamin jaki ya tsaya. Ga diga a bayanmu, ga sahun gidanmu ina hango shi, ga Yaya Sule da dattawa suna kallonmu. Abin da ake bukata bai kai tsawon shan kofin jabana ɗaya ba. Da na sara, da kafin magariba shi da ɗansa Adamu sun gama komai.

"Ruwa ya juya, Haruna," ya ce a hankali. "Kai ka fi ni sanin abin da ke biyo baya."

"Kwana uku ne. Bari in dawo, mu yi shi da mutunci, a tara jama'a, a yi sadaka. Kora jaki."

Ya kora. Muka kai babur gidana muka lulluɓe shi da buhu don kada raɓa ta taɓa shi.

A Sinja muka tarar da layi ya fita har titi. Ba zan faɗi sunan ofishin ba. Kwana biyu kafin mu kai gaban tebur. Wani matashi ne a zaune, sa'an jikana, bai ɗaga kai ba sai da ya ji sunan hillarmu. Ya tambayi ƙabila. Ya tambayi jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, tawa da ta ubana. Ya ce wa na kusa da shi wani abu game da mutanen yamma, suka yi dariya. Nan na saki jawabin nan da Larabcin da ya fi nasa. Na ce kakana yana kwance a ƙasar nan tun ba a haifi kakansa ba. Na ce mu muka haƙa ruwan da ya sha ya girma. Mutanen layi suka yi ta jinjina mini, na ji daɗi har kunnena. Shi kuwa ya jira na gama, ya rufe fayil ya ce in dawo bukra. Gobe ke nan. Na dawo, aka ce mai hatimi ya fita. Na sake dawowa, aka ce bukra.

Ran kwana na takwas ina cikin layi waya ta yi ƙara. Bilalu ne, da wayar Adamu.

"Alhaji, tsagar ta buɗe, hannu na shiga. Kowa ya ɗauke nashi, Inna kaɗai ta rage a sahun bakin gaɓa. In ba ka samun zuwa, ba komai, ma'alesh. Ka sake ni in kai ta bayan tur'a."

Ya ba ni ƙofar fita, da mutuncina. Da na ce to, da yau Inna tana da kabarin da za a tsaya a kai. Amma 'yan lajna suna gefena suna ji, kuma na riga na cika baki a gaban duk gangare.

"Kada ka kuskura! Na ce tudu, tudu ne. Gobe ina nan in sha Allahu."

Ya ce, "To. Kai ma ɗanta ne." Ya kashe.

Washegari aka ce mai hatimi ya zo, yau za a gama. Na tsaya. Aka gama da azahar. Ashe, aka ce mini daga baya, tun da hantsi gaɓa ta riga ta tafi. Mata suna wanki suka ji ƙara kamar faɗuwar katanga. Sahu guda ya zube cikin ruwa, kogi ya yi ja na ɗan lokaci, sannan ya koma yadda yake.

Na iso da la'asar, takarda mai hatimi a aljihu, wadda ta ce an rubuta sunayenmu. Ba wanda ya tare ni da labari, fuskokin mutane suka gaya mini. Na gangara. Inda nakan tsaya in yi mata addu'a ran Juma'a babu ƙasa, iska ce kawai, ruwa yana wucewa a ƙasa. Bilalu yana zaune nesa kaɗan da bakin, farin yadin a naɗe a kan cinyarsa. Na so ya zage ni. Na so ya tashi ya mare ni kamar yadda bai taɓa yi ba muna yara.

"Ka samo takardar?" ya ce.

"Na samo."

"Madalla." Ya ci gaba da kallon ruwa. "Ni ban je ofis ba, Haruna. Tukwanen da kakata ta ɗauko a ka har ƙasar nan, ban ce a biya ni ba. Nonon da ka sha, ban ce a biya ni ba. Sara ɗaya ne. Shi ma ban roƙa ba, kai ka ce."

Ya miƙe ya ajiye yadin a hannuna.

"Ka riƙe. Ni ba ni da abin da zan naɗe a ciki."

Ran nan ce ta ƙarshe da ya ce mini Haruna. Bai yi wata ba ya sayar da jaki da karo, ya bi Adamu Damazin inda yake tuƙa tarakta a manyan gonaki. Ya zo ya yi mini sallama kamar yadda ya kamata, ya cire takalmi, ya zauna a ƙasa, ya ce Alhaji a yafe juna. Babu kowa a rumfar sai mu biyu.

Juma'ar da ta biyo bayan tafiyarsa, ana fitowa masallaci na ɗauki digar nan na shiga maƙabartar tudu jama'a suna kallo. Na tsaya kusa da kabarin Baba, wurin da kowa ya san na Yaya Sule ne tun da shi ne babba. Na yi bisimilla na sara.

"Wa ya mutu?" in ji Yaya Sule.

"Inna."

"Haruna, ka haukace? Matar da kogi ya tahi da ita?"

"Na sani. Na makara ne. Amma an sara."

Ba wanda ya hana ni. Sama ba ta faɗo ba, matattun tudu ba su tashi ba. Abin da ya fi ci mini rai ke nan har yau, ganin sauƙinsa. Yaya Sule bai ƙara cin abinci da ni a kwano ɗaya ba har ya rasu bayan shekara, aka kuma rufe shi a gaba da gurbin, don an riga an sara, al'adar da ya tsare ita ta matsar da shi. Allah ya jiƙansa, ba na son ku riƙe shi a zuciya. Shi abin da ya yarda da shi ya faɗa. Ni ne na faɗi abu na kasa yi.

Na kira Bilalu na gaya masa wurin yana nan, nasa ne in ya yarda, kusa da Baba, a madadin Inna. Ya yi godiya. Ya tambayi lafiyar iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi babur ko yana aiki. Bai ce ya karɓa ba, bai ce ya ƙi ba. Haka muka yi ta gaisawa sallah zuwa sallah, Alhaji kaza, Alhaji kaza, har yaƙi ya zo layinsa ya mutu. Labarin ƙarshe da na ji, idonsa ya tafi, amma yana raye. Ina kewarsa, 'ya'yana. Ba na jin kunyar faɗa. Duk wanda ya san ni ina yaro ya tafi, shi kaɗai ya rage da ya san muryar Inna. Wani lokaci nakan gangara bakin gaɓa da yamma in zauna, in rasa inda zan fuskanta in yi mata addu'a, sai in bi ruwan da ido har inda ya karya kwana.

Safiya, kada ki ce maganarki ce ta jawo. Maganarki gaskiya ce, kuma ban janye ko harafi ɗaya daga abin da na faɗa a Sinja ba. Waɗanda suka ɓata damina su gyara, waɗanda suka sayar da mutane su amsa, waɗanda suke ce mana baƙi su ji kunya. Ku ci gaba da nema, ku fi ni baki. Takardar nan ma tana nan cikin adaka, ba abin da ya biyo bayanta. Amma laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani, kuma ni a kan tudu aka haife ni. Na ji zafin bukra a bakin yaron ofis kwana bakwai, ban ji ta a bakina ba. Na san ruwa ya juya. Na ɗauke babur.

To ga wasiyyata, kuma ba na son gardama. Gurbin nan na Bilalu ne. In Allah ya dawo da shi da rai ko a makara, kuma iyalinsa suka yarda, an riga an sara, ku haƙa kawai. In ya kwanta a wani wuri, ku bar gurbin haka, ku riƙa gyara duwatsun, duk yaron da ya tambaya ku gaya masa sunan Inna Dangana da na uwarta da ba mu sani ba. Farin yadin yana ƙasan adakata, a ciki za ku naɗe ni. Kada ku kai ni tudu. Ku kai ni bayan tur'a, inda mutanen gangare suka mai da nasu, in kwanta cikin waɗanda suka san ta. Can ba sahunmu ba ne, ba ku da ikon taɓa ƙasa. Ku nemi Adamu ɗan Bilalu duk inda yake, ku cire takalmi, ku roƙe shi saran fari. In ya ce ku jira sai ya dawo, ku jira.